Girman da Bai Wuce Indararo Ba

A ƙasar Hausa, wanda aka je wa binciken aure an ɗora masa amana mai nauyi, domin kalma ɗaya daga bakinsa tana iya ɗaura aure, tana kuma iya warware shi tun ba a kai ga sa rana ba. An taɓa ɗora mini wannan amana a birnin Alƙahira, na ci ta. Wanda na zalunta ya ce ya yafe mini, ina fatan Allah ma Ya yafe. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, cutar da ta kai ni ga wannan aiki tana nan a gidaje da yawa, masu fama da ita kuwa ado suka ɗauke ta. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Kakana dagaci ne a wani ƙauye na ƙasar Kano. Da ya rasu, rawani ya koma ɗakin ƙaninsa, bai sake waiwayar namu ba. Mahaifina aikin akawu ya yi a ƙaramar hukuma har ya yi ritaya. Abin da sarauta ta bar mana shi ne ƙaton zaure mai yoyo da damina, da alkyabba ɗaya a cikin adaka, da bakin mutanen gari da ba su daina ce mana 'ya'yan Sarki ba. In na ratsa kasuwa ranar da take ci, maroƙi zai bi ni da kirarin kakana, tsofaffi su ce, "Taka sannu, ɗan Sarki." Sa'o'ina suna koyon ɗinki da saƙa da gyaran keke, ni kuwa ko almakashi ba a bari na riƙe ba, wai ba a san gidanmu da wannan ba. Da wannan guzuri na sauka Masar don karatu a Jami'ar Azhar.

Misirawa suka ƙara fasa mini kai ba da saninsu ba. Direban tasi ya ce mini "ya basha", mai sayar da wake da safe ya ce "ya basha", mai gadin bene ma haka. Har na fara raya wa kaina cewa jinin sarauta ba ya ɓuya ko a ƙasar wasu. Sai daga baya na lura yaron da ke kawo burodi a kan keke shi ma basha ake ce masa. Basha da bek sarautu ne na gaske a zamanin gidan Muhammadu Ali, masu su ne ke riƙe da manyan gonakin bakin Nilu. Bayan juyin mulkin 23 ga Yuli 1952, wanda ya kori Sarki Faruƙ, cikin 'yan makonni aka soke su, a watan Satumba kuma aka kafa dokar da ta hana mutum ɗaya mallakar fiye da fadan 200, wato ɗan sama da eka 200. Da aka raba sunan da gona, sai ya faɗo titi ya zama gaisuwa. Wannan kaɗai ya isa ya farkar da mai hankali, amma ni barcina na ci gaba da yi.

Mu uku muke haya a Hayyul Ashir, unguwar da ɗaliban Afirka suka fi yawa a Madinatu Nasr. Ɗaya Bazazzagi ne, yana karanta Sifaniyanci a Kwalejin Harsuna da Tarjama. Ɗayan daga ƙasar Katsina yake, yana karanta Shari'a, mahaifinsa mahauci ne. Kasancewar Kanawa da Zazzagawa abokan wasa ne, ba na tsira daga bakin na farko. Wata rana ya ga na ƙi wanke tukunya, sai ya ce, "Bakano, na samo maka suna. Daga yau kai ne Hidalgo." Na ce me ke nan? Ya ce, "Ɗan manya, a bakin mutanen Sifaniya." Ban ƙara tambaya ba. A daren na sa sunan a Facebook da WhatsApp, shi kuwa yana kwance yana ta ƙyaƙyata dariya. Ni ma na laƙaba wa Bakatsinen suna, nake ce masa Sarkin Fawa. A baki wasa ne, a zuci kuwa raini ne, kuma na tabbata ya san da haka.

A watan Mayun 2015 ministan shari'a na Masar, Mahfuz Sabir, ya faɗa a talabijin cewa ɗan mai kwashe shara bai dace da kujerar alƙali ba. Ƙasar ta ɗauki zafi, kafin a ce me ya ajiye muƙaminsa. Muka yi musu a ɗakinmu har dare. Ni kaɗai na tsaya a kan cewa gaskiya mutumin ya faɗa, kowa ya tsaya inda Allah Ya ajiye gidansu. Ina faɗa ina kallon Bakatsinen, wanda karatun alƙalancin yake yi. Bai ce uffan ba, ya tashi ya ɗora mana shayi.

Shekarar 2016 ta zo da tsanani. A gida naira ta faɗi, dala ta yi wuyar samu, iyaye da yawa suka kasa aiko wa 'ya'yansu kuɗi. A Masar kuma, ranar 3 ga Nuwamba gwamnati ta saki fam ya nemi darajarsa a kasuwa, daga ƙasa da fam 9 a dala ɗaya ya doshi 18 kafin shekara ta ƙare. Sukari ya ɓace a shaguna, kuɗin haya da na abinci suka tashi. Wanda ake aiko wa dala bai ji jiki sosai ba. Ni ba a aiko mini komai, domin babu abin aikowa.

Bakatsinen ne ya riƙe ɗakin. Ranar Babbar Salla, da an sauko daga idi, zai cire farar jallabiya ya sa tsohon wando, ya naɗe wuƙaƙensa a tsumma, ya bi mahautan da ke zagaya unguwa suna kiran "gazzar, gazzar". Gida-gida yake bi yana yanka da fiɗa har bayan isha'i, ya dawo da jini a ƙafar wando, da kuɗi a aljihu, da leda cike da nama. In ya shigo sai in ja tabarmata gefe saboda ƙarni, in an soya kuwa hannuna ne farkon shiga kwano. Sauran watanni aikin tafinta yake yi. Zai tarbi marasa lafiya da suka zo daga Nijeriya da Nijar a filin jirgi, ya nema musu masauki, ya kai su wurin likita, ya raka 'yan kasuwa kasuwannin Ataba da Muski su sayi abaya da jallabiya. Ya sha ce mini, "Malam, Larabcinka ya fi nawa, zo mu riƙa fita tare." Amsata ɗaya ce: "Ni in riƙa bin wani da jaka a asibiti? A koma gida a ce an ga jikan wane yana dako?" Sai ya ce, "Allah Ya ba ka haƙuri." Kuɗin hayata kuwa shi yake cikawa, in ce bashi ne, ya ce to.

Ana haka wani Alhaji ɗan kasuwa daga Kano ya kawo matarsa a yi mata aiki. Abokina ya yi musu hidima kamar iyayensa. Akwai kamasho da wasu asibitoci ke ba tafinta a ɓoye in ya kawo majiyyaci, wanda a ƙarshe daga aljihun majiyyacin yake fita. Shi da aka ba shi nasa, sai ya kai wa Alhaji ya ce, "Baba, wannan kuɗinka ne." Alhaji ya rasa abin cewa. Kafin su koma ya fara yi masa maganar 'yarsa da ta gama sakandare. Da ya ji sunan kakana kuwa, ya ce ai ya san gidan, ya ja ni baranda ya ce, "Ɗana, kai ɗan babban gida ne, ba za ka rufe ni ba. Yaron nan, yaya yake?"

Na san abin da ya kamata in faɗa. Na san ba ya wasa da salla, ba ya cin haƙƙin kowa, yana aika wa mahaifiyarsa kuɗi duk wata, kuma abincin da ke cikina a wannan lokacin guminsa ne. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Baba, ba ni da abin cewa a kan halinsa. Sai dai ban sani ba ko ya gaya maka gidansu. Mahauta ne, kaka da kakanni." Alhaji ya yi shiru, ya shafa gemu, ya ce, "To, madalla da ka sanar da ni."

Na daɗe ina kare kaina da cewa ai ban yi ƙarya ba. Haka ne, ban yi ba. Amma na san aikin da "sai dai" za ta yi kafin in furta ta, kuma don ta yi aikin na furta. Hassada ce tsagwaronta. Zuciyata ta kasa ɗaukar a ce ga jikan dagaci a ɗaki, amma ɗan mahauci aka ga ya cancanci 'yar Alhaji. Suka koma Kano, waya ta fara ja baya, daga baya aka aiko cewa dangi sun riga sun yi wa yarinya miji.

Maganar ta fito ta bakin ɗan Alhajin, ta iso kunnen Bazazzagin. Ya bari sai da abokinmu ya fita, ya rufe ƙofa ya ce, "Bakano, yau babu wasa tsakaninmu. Tun da na sa maka sunan nan kake yawo da shi, ba ka taɓa neman sanin su wa ake kira haka ba. Zauna ka ji." Abin da ya gaya mini a daren, da abin da na bi na karanta daga baya, shi ne wannan.

Kalmar hidalgo tsohuwar magana ce ta ƙasar Kastila a Sifaniya da aka dunƙule, "fijo d'algo", ma'ana ɗan wani abu, kuma "wani abu" a bakin mutanen wancan zamani dukiya ce. Ɗan mai abin hannu ke nan. Masu son kuri sun taɓa cewa asalinta "ɗan Got" ne, don su jingina da ƙabilar da ta mulki ƙasar kafin zuwan Musulmi, amma masana harshe sun yi watsi da wannan. A 1948 wani malami, Américo Castro, ya kawo ra'ayin cewa ƙirar maganar daga Larabcin Andalus aka kwaikwayo ta, yadda Balarabe ke cewa ibn kaza, wasu malaman kuma suka ja da shi. Kundin dokokin Sarki Alfonso na Goma, wanda ya yi mulki daga 1252 zuwa 1284, ya tabbatar da cewa wannan daraja ta hanyar jini ake samunta. Mai ita shi ne matakin ƙasa a cikin masu asali. Ba shi da sarautar gari, amma ba ya biyan harajin da talaka ke biya, ba a ɗaure shi saboda bashi, in ya yi laifin kisa ba a rataye shi kamar talaka. Saboda harajin nan mutane suka riƙa kwashe shekaru suna shari'a a manyan kotunan Bayadolid da Garnaɗa don a ba su takardar shaidar asali.

Suna da yawa ƙwarai. Ƙidayar 1787 ta samu kusan 480,000 a ƙasar da mutanenta ba su wuce miliyan 10 da 'yan kai ba. A yankin Biskaya na arewa, dokar 1526 ta ɗauki duk ɗan asalin yankin a wannan matsayi, don haka a can za ka tarar da mai asali yana noma, yana ƙira, yana kamun kifi, ba abin da ya dame shi. A tsakiyar ƙasar da kudancinta ne aka ɗauki aikin hannu abin kunya, har mutum ya gwammace yunwa. Marubutansu sun yi musu dariya son ransu. Littafin Lazarillo de Tormes na 1554 yana da labarin wani irinsu a birnin Toledo, wanda ya baro garinsu don kada ya riƙa cire wa maƙwabcinsa hula. Gidansa babu ko loma, yaronsa ne ke bara ya kawo su ci, shi kuwa ya fito ƙofa yana sakace don a ce ya ƙoshi, ranar da masu haya suka zo karɓar kuɗi ya gudu. Shahararren littafin Cervantes na 1605 ma, Don Kihote, tun daga sunansa an nuna cewa gwarzonsa hidalgo ne, mutumin ƙauye da ya sayar da gonaki ya sayi littattafan jarumtar da zamaninta ya wuce. Abin ya kai sai da Sarki Carlos na Uku ya fitar da doka ranar 18 ga Maris 1783 cewa jima da ƙira da ɗinki da dukanci da sassaƙa sana'o'i ne na mutunci, ba su zubar da darajar kowa.

Bazazzagin ya ce, "Kuma iri-iri ne. Akwai na jini, akwai wanda sarki ya ba, akwai ma wanda ya samu don ya haifi 'ya'ya maza bakwai a jere. Akwai na ƙarshe, wanda suke kira da sunan ɗigar ruwan rufin ɗaki, mu ce na indararo. Shi a ƙauyensu kaɗai aka san shi. Da ya tsallake iyakar gari, ya zama kowa. Kai ke nan, Bakano. Girmanka bai wuce indararon zauren kakanka ba, amma ka ɗauko shi har Masar ka rusa wa mai ciyar da kai aure." A daren na goge sunan daga wayata. Goge abin da na yi kuwa ya fi ƙarfina.

Da farko na so in ce wannan labarin Turawa ne. Ashe birnin da nake zaune a ciki yana da nasa, har na taɓa haddace shi don jarrabawar tarihi ba tare da na ga fuskata a ciki ba. Daga 1250 zuwa 1517 Mamalik ne ke mulkin Masar da Sham. Yara ne da ake sayowa daga filayen arewacin Baƙin Teku, daga baya kuma daga duwatsun Kaukasus, a musuluntar da su, a horar da su a barikokin Ƙal'ar Salahuddini, a 'yanta su, a ba su doki da makami da ƙasar da za su ci harajinta. Daga cikinsu ake samun sarakunan yaƙi da sarakunan ƙasa. Baibaras, wanda ya yi fice a yaƙin Ainu Jalut na 1260 da aka karya Mongol, sayo shi aka yi. Ƙalawun ana ce masa Al-Alfi saboda dinari 1,000 aka biya a kansa. Da yawansu ba a san sunan ubansu ba, sai a rubuta ibn Abdullahi. Waɗannan su ne suke kiran kansu "an-nas", mutane, kamar sauran Misirawa ba mutane ba ne.

'Ya'yan da suka haifa a Masar su ake kira "auladun nas", 'ya'yan mutane. Abin mamakin shi ne, a ƙa'ida ɗan ba ya gadon matsayin uban, domin an haife shi ɗa kuma Musulmi, ba a sayo shi ba, bai bi ta bariki ba. Ana sa shi a runduna ta biyu mai suna halƙa, mai ƙarancin albashi da daraja, ƙasar da ubansa ke ci kuma in ya mutu a ba wani bawan da aka horar. Gidan Ƙalawun ne ya karya wannan ƙa'ida a kan gadon sarauta, ya riƙe ta kusan shekara 100, har zuwa 1382. Ibn Khaldun, wanda ya ƙare rayuwarsa a Alƙahira a 1406, ya lura cewa tsoron abin da zai sami 'ya'yansu ne ya sa waɗannan manya suka riƙa gina masallatai da makarantu suna yi musu waƙafi, su sa wa zuriyarsu kaso a ciki. Rabin kyan tsohuwar Alƙahira daga wannan fargabar ya fito.

Jikan Ƙalawun, Sultan Hasan, ya yi ƙoƙarin ɗaga 'ya'yan mutane, ya naɗa su manyan muƙaman soja don ya rage ƙarfin Mamalik. A 1361 bawansa Yalbuga ya yi masa tawaye, aka kashe shi, ba a ma ga gawarsa ba. Masallacin da ya fara ginawa a 1356 yana nan ƙarƙashin Ƙal'a, shi ne a jikin takardar fam 100, amma ba ya cikin kabarin da ya tanadar wa kansa a ciki. Bayansa darajar 'ya'yan mutane ta yi ta raguwa. A zamanin Ƙaitbai, wanda ya hau a 1468, an tara su an miƙa musu baka mai tauri, wanda ya kasa ja aka taɓa albashinsa. A zamanin Ƙansuh al-Gauri an ƙwace ƙasashen da wasunsu ke ci aka ba sababbin bayi.

Dubban da suka zauna jiran albashi da sunan uba, yau ba wanda ya san ko sunan ɗaya. Waɗanda aka sani su ne suka nemi abin yi. Ibn Tagribirdi ɗan babban kwamandan soja ne kuma gwamnan Dimashƙa, uban ya rasu yana ƙarami, ya zauna gaban malamai irin su Maƙrizi, ya rubuta An-Nujumuz Zahira kafin rasuwarsa a 1470. Ibn Iyas, wanda aka haifa a 1448, yana cikin waɗanda aka taɓa ƙwace wa ƙasa, shi ya rubuta Bada'i'uz Zuhur, kuma ta bakinsa duniya ta ji yadda Usmaniyawa suka ci Alƙahira a 1517 suka rataye Sultan Tuman Bai a ƙofar Zuwaila. Iyayensu sun riƙe takobi, su suka riƙe alƙalami, kuma ba don rubutun 'ya'yan ba da labarin iyayen da yawa ya ɓace. Har yau Bamisire in ya ce wane "ibn nas" ne, yana nufin ya fito gidan tarbiyya kuma an ga tarbiyyar a jikinsa. Da wannan ma'auni, a ɗakinmu ɗan mahauci ne ɗan mutane.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne ba jahilci ya kai ni ba. Littattafan da nake ɗauka zuwa aji cike suke da sunayen masu sana'a. Al-Jassas mai Ahkamul Ƙur'an sunansa daga aikin shafen gini ya zo, Az-Zajjaj mai Ma'anil Ƙur'an aikin gilashi ya yi, Imamu Abu Hanifa ɗan kasuwar tufafi ne. A Fusɗaɗ, nan cikin Alƙahira, an yi mawaƙi Abul Husaini al-Jazzar, wanda ya rasu a 1281, mahauci ɗan mahauta, da ya ga yabon manya ba ya ciyar da shi ya koma kan wuƙarsa. Hadisi na 36 a cikin Arba'una, wanda ƙarshensa ke gargaɗi a kan dogaro da nasaba, tun ina Islamiyya na haddace shi. Karatun yana kaina, bai sauka zuciyata ba.

Na sami abokina Bakatsinen a kicin yana yanka albasa. Na durƙusa na faɗa masa komai, har da dalilin. Bai ajiye wuƙar ba sai da ya gama. Sannan ya ce, "Malam, na sani tun tuni. Ban taɓa jin kunyar sana'ar mahaifina ba, da ita ya biya mini kuɗin jirgi, da Alhaji ya tambaye ni da kaina zan gaya masa. Abin da ya yi mini ciwo, kwano ɗaya muke ci da kai. Na yafe maka, Allah Ya yafe mana." Ya ci gaba da gaishe ni da fara'a, amma da shekarar karatu ta ƙare ya nemi wani ɗakin, kuma ban ga laifinsa ba. Na kira Alhaji na janye maganata. Ya ce, "Ɗana, bakin alƙalami ya bushe, an riga an sa rana. Amma ni ma da nawa laifin. Na ga halin yaron da idona, na bar abin da na gani na bi abin da na ji." Daga nan na nemi aiki a shagunan littattafai da ke bayan masallacin Azhar, ina ɗaure katan-katan na masu aikawa Nijeriya, ina ɗora su a kafaɗa zuwa mota. Da wannan kuɗin na biya shi bashin haya, kuma ba wanda ya mutu a gidanmu don an ga jikan dagaci yana dako.

Maganar Alhaji ita ta nuna mini cewa laifin nawa ne, amma ƙasar da ya tsiro a kanta tamu ce duka. Mun yarda da yankan mahauci, mu ci mu tashi mu yi salla ba tare da shakka ba, amma ba mu yarda ya zama surukinmu ba. Wanzami muke miƙa wa jaririn kwana bakwai, maƙeri ke ƙera garmar da muke ci da ita, sannan mu ce ba su da asali. Fadar da muke taƙama da ita kuwa ta fi mu sanin darajarsu, shi ya sa ta naɗa Sarkin Fawa da Sarkin Aska da Sarkin Maƙera. A Kano ta ƙarni na 19, Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama bayin Sarki ne, amma 'ya'yan sarki da yawa sai ta hannunsu suke samun biyan buƙata. Ban ce a daina tambayar gidan mutum ba. A tambaya, don a san wace tarbiyya ya samu, yaya ake riƙon mata a gidansu, da halal ake ci ko da haram. Sana'ar kakansa ba ta amsa ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Kirana ga iyayenmu na gidajen sarauta da na malanta da tsofaffin gidajen arziki shi ne, ranar da kuka zaunar da yaro kuna karanta masa sunayen kakanninsa, ku gaya masa aikin da kowannensu ya yi har aka san shi, sannan ku kama hannunsa ku kai shi inda zai koyi nasa. Hausawa sun ce gadon gida alala ga raggo. Ku kuma 'yan'uwana ɗalibai da ke Alƙahira da Madina da Khartum da sauran wurare, duk aikin halal da zai hana ku cin gumin wani, ku kama shi hannu bibbiyu. Wanda ya ƙi aiki don kare sunan gidansu, sunan zai fara zubarwa, domin zaman banza ke haifar da bashi, bashi ya haifi hassada, hassada kuwa ba ta san wanda ya ciyar da kai ba. Allah Ya tsare mu da girman kai, Ya ba mu ikon faɗin alherin da muka sani game da mutane.